Yadda Za Ka Zama Gwanin Fatsa Ba Tare da Ka Kai Kifi Gida Ba

Kai da kake wuni a bakin dam kana komawa gida da bokiti fayau, share hawayenka. Ga hanya an gwada, ta yi aiki. Na ba ka tabbaci, in ka bi ta daki-daki, kafin wata ya mutu za a riƙa nuna ka da baki a Kazaure ana cewa ga gwanin fatsa can. Kifi dai ba ya cikin alkawarin.

Mai wannan dabara shi ne Lauwali, wani bawan Allah da ya yi gadi a Ikko ya dawo da sandar fatsa mai ƙyalli. Matarsa Tasalla tana da ciki, kwaɗayinta kuma ya tsaya cak a kan kifi. Tuwo ba ya zama a cikinta, nama ko kallo, kullum sai ramewa take. Za ka ce ya je kasuwa ya sayo mana. Haba! Mutumin da ya cika gari da labarin ya yi fatsa a teku, a gan shi yana tayin kifi a faranti?

Mataki na ɗaya: Nemo teku

Ba dole sai ka taɓa shiga ba. Lauwali jaka da laima kawai yake riƙe wa maigidansa a bakin ruwa, amma duk zancen da aka ɗauko, ko na farashin taki ne, sai ya ce, "Mu dai a teku ba haka muke yi ba." Ka riƙe wannan jimla da kyau. Babu mai zuwa Ikko daga garin Gwiwa ya binciko.

Mataki na biyu: Yi amfani da burodi

Kowa a nan tana yake soka wa ƙugiya. Kada ka zubar da kanka. A teku akwai wani farin kifi mai tsantseni da ba ya kula komai sai ɓargon burodi, shi maigidan Lauwali yake nema. Saboda haka Lauwali ya riƙa zuwa dam da burodi, duk da babu wanda ya taɓa ganin irin wannan kifi a ƙasar Jigawa. Ribar a fili take: in kifi bai ci ba, kai ka ci.

Mataki na uku: Kada ka ce ba ka kama ba

Wannan shi ne jigon karatun, ka buɗe kunne. Gwani ba ya rasa kifi, saki yake yi. In aka leƙa bokitinka, ka yi murmushin tausayi ka ce, "Na kama, na gaishe shi, na mayar da shi. Haka masu ilimi suke yi a teku, don a bar wa jikoki."

Za ka gamu da masu taurin kai. Baba Sama'ilu, tsohon masunci da ya yi furfura a kan ruwan nan, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Lauwali, to in mayarwa za ka yi, me ya sa ka huda masa baki? Laifin me ya yi maka?"

"Wasa ne, Baba. Motsa jini."

"Jinin wa? Mu ƙanana muke mayarwa su girma, da masu ƙwai. Babban kifi kuwa tukunya ce makomarsa. Kai ko kunyar Allah ba ka ji, ka ɗauki halal a hannu ka jefar?"

A irin wannan wuri, ka girgiza kai ka ce ƙauyanci ne. Samari za su bi bayanka, don su ma ba sa kamawa.

Mataki na huɗu: Guji idon matarka

Hujjar da ta kayar da majalisa ba ta aiki a tsakar gida. Ran nan Tasalla ta ce, "Malam, jikokin da kake tara wa kifi, ta ina za su zo in wannan na cikin bai ci ba?" Ta faɗa ba tsawa, tana jingine da bango, wuyanta duk ya zurma. Wallahi maganar ta soki Lauwali, don yana son matarsa. Washegari ya tono tana a ɓoye, ya cusa ta cikin burodin.

Mataki na biyar: In tsautsayi ya sa ka kama

Ya kuwa kama. Ranar Juma'a ce da la'asar, bakin dam cike da mutane. Zare ya miƙe, sanda ta lanƙwashe, sai ga ƙaton ƙurungu, kifin nan mai ƙaya a baya da gefe, mai gurnani in an fito da shi. Lauwali ya rungume shi, a ransa har ya ga Tasalla tana suɗe kwano.

Sai samarinsa suka ɗauki ihu: "Sake shi, Malam Lauwali! Yau mu ga yadda ake yi a teku!"

Baba Sama'ilu ya gyara zama a kwalekwalensa ya ce, "Bismilla. Muna kallo."

To ga ilimin. Ka shiga ruwa har gwiwa, ka ba jama'a baya, ka sunkuya kamar mai yi wa kifin bankwana. Da hannun hagu ka watsa ruwa ya yi facal. Da na dama ka sassauta zariya, ka zura kifin cikin wando, ka saki riga ta rufe. Sannan ka juyo ka ɗaga hannu biyu. Da Lauwali ya yi haka, aka yi ta tafi, wani ma har da kabbara.

Mataki na shida: Tafiyar gida

Kada ka hau babur, zama ba naka ba ne yau. Ka taka a hankali, ƙafa a wawware, kamar mai ɗauke da tunani mai nauyi. Ƙaya za ta shiga cinya, ka yi salati a zuci. Matsalar ita ce dattawa. Lauwali ya ci karo da liman a ƙofar masallaci, dole ya rusuna, ƙurungu kuwa ya saki gurnani daga ƙarƙashin riga.

"Lafiya, Lauwali?"

"Ciki ne, Allah gafarta Malam. Wake na ci."

"Allah ya sawwaƙe. Amma waken nan da rai, na ga yana motsi."

Ka ce amin, ka wuce.

Mataki na bakwai: Miƙa amana

Lauwali ya shiga gida yana ɗingishi, ya rufe ƙofa, ya zazzage kifin a cikin kwano, har yanzu yana numfashi. Wandon duk jini, amma fuskarsa kamar ango. "Tasalla! Fito ki ga abin da mijinki ya kamo da hannunsa!"

Ta fito, ta matso, ƙarnin ya bugi hancinta. Sai ta toshe baki ta ruga bayan ɗaki. Da ta dawo, daga nesa ta tsaya, tana haki.

"Malam, don girman Allah fitar min da abin nan. Tun da hantsi raina ya fita daga kifi, ko sunansa ba na son ji. Goriba nake so."

"Goriba? Tasalla, kin ga cinyata kuwa?"

"Sannu. Tun yana da rai, je ka sake shi. Ai kai ka iya."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora bai san ka ba, bai taɓa ganinka ba, bai kuma aike ka bakin ruwa ba. Duk wanda ƙaya ta soka, ko liman ya gano shi, ko aka hange shi da magariba yana ɗingishi zuwa dam da kwano a lulluɓe, shi ya jiyo. Masu tambayar yadda ake hawan bishiyar goriba da cinya a kumbure kuma, su nemi Lauwali, yana can gindinta yana kallon sama.