Farfesa Ninki-Huɗu da Bokitin Kunu

A duk unguwar Takur babu wanda Allah ya hore wa ilimi kamar Malam Abdulkahar, malamin kimiyya a wata sakandare. Mu 'yan majalisarsa mu muka naɗa shi Farfesa Ninki-Huɗu, don ko gaisuwa ka kai masa sai ya kawo maka karatunsa guda: igiyar ruwa in tsayinta ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi, in kuma tana zuwa a kai a kai, ƙarfin sai ya daɗu. Mukan gyaɗa kai, mu ce ikon Allah. Babu wanda ya taɓa fahimta a cikinmu, kunyar tambaya muke ji.

Abu ɗaya ke ci masa rai: surukarsa, Iya, ba ta taɓa ganin ilimin nan da idonta ba, har yau "mijin Hassana" take ce masa. Da aka yi haihuwa a gidanta, can ƙauye bayan gari, ya ce shi zai kai kunun zaƙin suna da kansa, a babur, cikin farar babbar riga.

Murfin bokitin ya fashe tun bara. Hassana ta ɗauko ƙoƙo za ta ɗora a saman kunun, yadda mata ke yi don kada ya yi tambal-tambal. Farfesa ya tare hannunta.

"Wannan camfi ne, Hassana. Ni da na san sirrin igiyar ruwa? Gudu zan yi, in wuce gargada kafin igiyar ta samu tashi."

Muna ƙofar gida muka mara masa baya, har da cewa a bar ilimi ya yi aikinsa.

Ilimi kuwa ya yi aikinsa. Ya dasa bokiti a kan tanki, ya murɗa. Gargada ta zo a kai a kai, kunu ya yi tsayi, ya ninka, ƙarfinsa ya ninka huɗu daidai yadda yake faɗa, duka a ƙirjin Farfesa. Ya isa gaban taro rigar tana ɗiga, ƙudaje na yi masa rakiya.

Iya ta leƙa bokitin, ta ga ƙasansa. Ta dubi surukinta a hankali.

"Sannu da hanya, mijin Hassana. A makarantar taku ba a kai ga darasin ƙoƙo ba tukuna?"

Mu da muka biyo shi da kofunanmu, ruwan randa muka sha.