Oga Zalla da Tumbin da Ba Nasa Ba

Duk faɗin Gada Biyu babu mai ilimin Malam Musaddiq, akantan wani shagon fenti. Shi da bakinsa ya tabbatar mana. Ya taɓa zuwa Kuru, garin da ake horar da manyan ƙasa, cin shinkafar biki, tun daga ranar kowace magana tasa da "lokacin da muke Kuru" take farawa.

Ilimin nasa kuwa layi ɗaya ne a jikin rasit: kuɗin kaya zalla, kafin a ɗora haraji. "Nan gaskiya take," in ji shi. "Abin da aka ɗora daga baya ajiyar gwamnati ce, ba naka ba." Shi ya sa ake ce masa Oga Zalla. Ko shekarunsa zalla yake faɗa, bayan ya cire waɗanda ya yi yana barci.

Da zaɓen ma'ajin ƙungiyar 'yan kasuwa ya matso, kujerar da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta, sai ya nufi Nasarawa Gwom wajen Isiaka tela a ɗinka masa kaftanin nasara. Isiaka ya zagayo da tef. Tef ya ƙare, tumbi bai ƙare ba.

"Oga, wannan ciki fa?"

"Ƙari ne daga baya, ba nawa ba ne. Auna ni zalla!"

Ya ja numfashi ya shanye tumbin har idanunsa suka firfito. Isiaka ya auna abin da aka nuna masa, ya ɗinka.

Ranar zaɓe gwanin namu ya shigo a ɗaure tamau kamar buhun dankali, numfashi a riƙe, gaisuwa da ido. Sai dai jawabi ba ya yiwuwa babu iska. Ya miƙe ya buga tebur.

"Jama'a, ni ban taɓa ɓoye komai ba! Lokacin da muke Kuru..."

Ɓarrr! Kaftani ya dare har ƙasa, maɓalli ya tashi ya faɗa kofin shayin shugaban taro. Tumbi ya fito gaba ɗayansa ya zauna a kan tebur, ya danne takardar jawabin.

Madam Ngozika mai sayar da tayil, abokiyar takararsa, ta ƙare masa kallo. "Oga, mutumin da ya iya ɓoye wannan, shi za mu ba kuɗin mu?"

Ƙuri'a ɗaya ya samu. Aka cire tasa, aka miƙa masa sakamakon yadda yake so: zalla.