Rasuwar Uwar Tsegumi, Na'urar Gano Bam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar na'urarmu ta gano bama-baman da yaƙi ya bari a ƙarƙashin ƙasa, wadda muke kira Uwar Tsegumi. An tabbatar da cikawarta ranar Talata da safe, hadari na haɗowa, a bakin gonar wani dattijo da muke bincika wa.

Marigayiya ba ta taɓa riƙe sirri ba. Ƙusa, murfin kwalba, tsohon cokali, duk sai ta yi “ƙiii” ta tona musu asiri, mu kuma mu durƙusa muna tono cikin ladabi. Ni da malamai suka kasa zaunar da ni a aji, ita ta koya mini tafiyar hawainiya. Na zage ta ba adadi. Sau biyu abin da ta yi wa kuka ba cokali ba ne, shi ya sa har yau takalmina ƙafa biyu ne.

Jinyarta gajeriya ce, ba mu ma san tana yi ba. Kullum da safe mukan gifta ta a kan ƙarfen gwaji mu ji muryarta. Ranar Litinin ta amsa, sannan ta wuni shiru a gabashin gonar. Muka yaba da hankalin da ta yi, muka kwance jar igiyar da ke hana shiga gonar, shugaban aiki ya ce wa dattijo ya shirya iri. Ranar Talata aka gifta ta, ko tari. Ba wanda ya san lokacin da ta kurumce, balle abin da ta tsallake a gabashin gonar.

Ta rasu ta bar batura, jaka, abin sawa a kunne, da ƙanwarta, sabuwar na'urar da ake cewa tana hanya tun bara.

Za a yi mata sutura a akwatinta, a kai ta sito bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a bakin gonar, inda muka mayar da igiya, inda kuma nake wuni a zaune, domin dattijo na zuwa kullum da fartanya yana tuna mini cewa da bakinmu muka ce ya shiga. Masu ta'aziyya su tsaya ta wannan ɓangaren igiyar.

Abin da aka rasa: na'ura ɗaya, aikin wuni ɗaya, da yardar dattijo.