Yadda Tabawa Ta Gyara Kanta

A ƙauyen Rafin Dinya akwai wata mata ana ce mata Tabawa, matar Malam Nomau manomi. Ta haura hamsin da kaɗan, gajera ce mai fara'a, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, duk inda ta gifta sai ƙanshin suya ya biyo bayanta. Ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero. Aibinta ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka za ta ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Shekarun baya malamar asibiti ta ba ta magani ta ce a sha bayan an ci tuwo, sai Tabawa ta riƙa tuƙa tuwo safe da rana da yamma saboda maganin kawai, har rumbu ya ji a jikinsa. Malam Nomau ya daɗe da koyon auna magana kafin ya sake ta. Sauran mutanen gari ne har yanzu ba su koya ba.

'Ya'yansu duk sun kama gabansu, amma wadda ta fi zama a ran Tabawa ita ce autarta Rakiya, da aka kai aure Kaduna. Da cikin Rakiya ya fara nauyi, dangin miji suka ce ba sai ta zo gida haihuwa ba, a birni akwai asibiti. Tabawa ta haɗiye wannan. Sai kuma ga waya.

"Inna, in Allah ya sauke ni lafiya za ki zo suna, ko?"

"In dai ina numfashi."

Rakiya ta rage murya. "To don Allah, Inna, ki ɗan gyara kanki kafin nan. Wata ƙawar uwar mijina ta ga hoton bikina, ta nuna ki ta ce ko ke ce mai wanke-wanke. Ki je wurin waɗanda suka san kwalliya, duk abin da suka ce ki yi."

Tabawa ta ajiye waya ta ɗauko ɗan madubinta. Ta ga zane ya koɗe, riga ta saki, furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Zancen wanke-wanke bai dame ta ba, don kullum tana yi kuma ba ta ga laifinsa ba. Muryar Rakiya ce ta tsaya mata a rai. 'Yar da ta goya a bayanta yau tana jin kunyar a gan su tare, kuma wannan ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta rantse ba za ta taka Kaduna ba sai ta zama uwar da za a nuna.

Wata rana ta tafi wurin Hajiya Lantana mai kayan kwalliya, wadda ta taɓa kwana a Abuja kuma ba ta bari kowa ya manta ba. Lantana ta zame mata ɗankwali, ta dafe ƙirji. "Tabawa, kin kashe kanki da ranki! Furfura ce babbar abokiyar gabar mace. Ga baƙin rini. Duk inda kika gan ta ki shafe, kada ki bar ko sili ɗaya." Tabawa ta koma gida ta rine kanta tas, rini ya yi saura. Tana fitowa tsakar gida ta tarar da Malam Nomau yana barcin rana a gindin darbejiya, gemunsa fari fat yana kallon sama. Ta durƙusa a hankali ta shafe ɓangaren hagu. Kafin ta zagayo dama ya juya ya danne shi, ita kuwa ba ta tashin miji daga barci, sai ta tafi ta ƙarasa aikin a farin gemun bunsurun gida. Da aka kira la'asar Malam ya yi alwala a gurguje ya nufi masallaci. A sahu, na damansa ya ce, "Sannu Baba," na hagunsa ya ce, "Samari, ɗan matsa." Ya dawo gida yana huci.

"Tabawa, wa ya aike ki?"

"Malam, Hajiya Lantana ta ce duk inda na gan ta."

Ya dube ta, ya dubi bunsuru. Sannan ya zauna a kan turmi ya miƙa mata ɗaya ɓangaren, don ba yadda zai yi.

Wata rana ta kai leshi wurin Asabe tela, a bakin kasuwa. Asabe ta ɗauko tef ta ce, "Buɗe hannuwanki. Haka. Kada ki motsa sai na ce." Ba ta kai ga auna ƙugu ba aka rugo aka ce akuyarta ta shiga gonar mai unguwa. Asabe ta yar da tef ta fita a guje, daga gona aka wuce sasanci, daga sasanci ta tsaya ba da labarin sasancin. Ranar kasuwa ce, mata na ta shigowa da ɗinki. Suka ga mutum a tsaye hannu a buɗe ba ya ko ƙifta ido, suka ce lallai Asabe ta ci gaba, ta sayo irin gunkin nan na shagunan birni. Wannan ta rataya atamfa a hannun dama, waccan ta rataya shadda a hagu. Wata tsohuwa ta ƙare mata kallo ta ce, "Kai, masu ƙera abin nan ba su da kirki, sai suka yi shi kamar Tabawa." Sai da rana ta karkata Asabe ta dawo ta tarar da ita gumi ya jiƙa ta sharkaf.

"Innalillahi! Me ya hana ki zama?"

"Ba ki ce ba."

Rigar da aka ɗinka ta matse ta har numfashi sai da dabara. Asabe ta ce haka ake yayi, Tabawa ta ce to.

Wata rana Lantana ta kawo mata takalmi mai tsini. Tabawa ta sa, ta yi taku biyu ta rungumi bango. "Sabo ne ba ki yi ba," in ji Lantana. "Ki riƙa sa shi duk inda za ki." Washegari aka tashi da ruwan shuka, ƙasa ta yi laushi, Tabawa ta ɗauki furar Malam ta nufi gona a kan tsini. Duk taku sai ya nutse, ta zaro shi, ya bar rami. Malam Nomau ya hango ta tana tangaɗi kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a kan ramukan. Zurfinsu daidai, tazararsu daidai. Ya ajiye sungumi ya ɗauki ƙoƙon iri.

"Tabawa, bi kunyar nan har ƙarshe, ki juyo ta waccan."

Yana biye da ita yana jefa irin kuɓewa yana rufewa da ƙafa. A shekarar ba a yi gonar da ta kai tasa tsari ba, har maƙwabta suka fara aiko a ara musu takalmin, in da hali da mai shi.

Rinin Lantana kuwa bai yi ƙarko ba. Ya koma ja, daga ja furfura ta dawo da 'yan uwanta. Wata rana sai Tabawa ta hau a-kori-kura ta tafi babban gari, shagon gyaran gashi. Mai shagon ta kitse mata nata ta ɗora mata wani dogon gashin kanti mai sheƙi har gadon baya. "Mama, wannan daga ƙasar waje yake. Ko me za a yi, kada ruwa ya taɓa shi." Tabawa ta ɗaura ɗankwali a kai ta yafa mayafi, wato duk wahalar nan an yi ta ne a kan abin da ba mai gani. A hanyar dawowa hadari ya haɗo, motar kuwa ba rufi. Ɗigon farko na sauka Tabawa ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta tumɓuke gashin gaba ɗaya. Wani dattijo da ke gefenta ya yi salati da ƙarfi, saura kaɗan ya dira daga mota. Ita ko a jikinta. Ta cusa gashin cikin kwanon ƙuli-ƙuli ta rufe, ta kife a kansa, ruwa ya ƙare a bayanta. Ta iso gida tana rawar ɗari, zazzaɓi ya kwantar da ita. Masu zuwa dubiya suna tambaya ya jiki, Malam Nomau yana cewa, "Gashin dai lafiya lau, mai shi ce sai a hankali."

Ana nan Rakiya ta haifi ɗa namiji. Ranar suna Lantana ta ce ita za ta raka Tabawa, don kada a ɓata mata aiki. Tun da safe ta zaunar da ita ta shafe ta da hoda hawa-hawa, ta zana gira, ta manna gashin ido da dogayen farata, ta kafa gashin kanti, ta tura ta cikin leshi. "Saura abu ɗaya," in ji ta. "Ban da dariya, ban da kuka, ban da buɗe baki sosai. Fuskar za ta tsage."

Suka isa gidan suna, ya cika da mata, kowace tana walƙiya. Rakiya na zaune a falo cikin kwalliyar mai jego, an zana mata fuska ita ma. Ta ɗago ta dubi Tabawa ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Sannan ta leƙa bayan Lantana. "Ina Inna? Ba ta zo ba?"

Tabawa ta so ta ce ga ni, ta so ta yi kuka, amma an hana ta duka biyun.

"Ga ta a gabanki!" in ji Lantana, tana washe baki. "Aikina ne."

Mata suka ɗauki guɗa. Hajiya Turai, uwar mijin Rakiya, ta dube ta sama da ƙasa ta gyaɗa kai, ta sa aka ba ta kujera kusa da tata. Tabawa ta samu abin da ta zo nema. Rakiya dai kallonta kawai take yi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa.

Jaririn kuwa tun safe yake tsala ihu. Daga cinya zuwa cinya ake miƙa shi, kowace cinya da duwatsun leshi, kowane ƙirji da turare mai hawa kai. Tabawa ta kasa daurewa ta miƙa hannu. Hajiya Turai ta ga faratan nan ta ce, "A'a, dakata. Duk kwalliyar da za ta taɓa shi a cire ta tukuna." Farata take nufi da awarwaro.

Tabawa ta yi lissafi irin nata. Jariri yana taɓa hannu, yana taɓa ƙirji, yana taɓa fuska, yana cafkar gashi. Ta miƙe ta nufi famfon tsakar gida. Ta ɓamɓare farata, ta cire gashin ido, ta tumɓuke gashin kanti ta rataya a kan famfo, ta tuɓe takalmi. Ta shiga bayan ƙyaure ta sauya leshi da tsohuwar rigar da ta naɗo tsarabar ƙuli-ƙuli a ciki. Sannan ta ɗauki sabulun wanki ta dirje fuska har sai da ruwan ya daina fita da launi. Lantana ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Tabawa ta dawo falo ba takalmi, ɗankwali a karkace, furfura a waje. Wuri ya yi tsit, sai kukan jariri. Ta karɓe shi ta kwantar a ƙirjinta. "Haba angona, kai da amaryarka ta zo?" Yaro ya shaƙi rigar nan mai laushi da ƙanshin gyaɗa, ya ja ajiyar zuciya, ya yi luf. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi.

Wata mata mai gilashi ta matso tana leƙen kan Tabawa. "Hajiya, don Allah a wane shago aka yi miki wannan farin? Yanzu shi manyan mata ke yayi."

"Da kansa ya fito," in ji Tabawa.

Matar ta ce ita ma za ta nema. A ƙarƙashin kujera kuwa Hajiya Turai ta zare ƙafafunta daga takalmi a hankali, ta ɗauka ba wanda ya gani.

Sai a lokacin Tabawa ta tuna abin da ya kawo ta. Ta juya wurin 'yarta ta ce a hankali, "Rakiya, na ɓata gyaran, ko? Na ba ki kunya?"

Rakiya ta girgiza kai, hawaye na zubo mata, baƙin kwalli na bin hoda yana gangarowa har haɓa. Ta matso jikin uwarta ta miƙa hannu za ta karɓi ɗanta.

"Tsaya," in ji Tabawa. "Hajiya ta ce a cire tukuna."

Ta kama gefen zaninta da ya jiƙe a famfo, ta shiga goge fuskar Rakiya kamar yadda take yi mata tana ƙarama, goshi, kumatu, gefen hanci, a gaban dangin miji da baƙin birni. Rakiya ta rufe ido ta bar ta. Da ta gama, Tabawa ta ɗan ja baya ta dube ta da kyau.

"Yauwa," in ji ta. "Ashe kina ciki."