Kwana Taran Zuwaira

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. Ya hanya? Bari, ba sai kin faɗa ba. Ga ki nan kamar kin yi kokawa da kwandastan motar danfo ya kayar da ke."

"Ni na kayar da shi, tsoho. Sannu da zama, tunda ita ce sana'ar da ta rage maka."

Alhaji Baballe ya gyara zama a kujerarsa ta baranda, ya rage muryar rediyon da ke magana a wayarsa. Shekara arba'in ya yi yana cinikin fata a mayankar Oko-Oba, yanzu abin da ya rage masa shi ne wannan baranda a Agege ta Legas, da tashoshin Kano da yake kamawa bayan la'asar, da jikarsa Muhsina, 'yar marigayi ɗansa Khamisu. Tun tana rarrafe yake kiranta matarsa, ita kuma tun da ta yi baki take rama masa. Saura kwana tara a ɗaura mata aure, a tafi da ita Kaduna. Da safe ya aike ta kasuwar Jankara sayen atamfar anko ta matan gidan, ga ta nan ta sauke ƙullin a gabansa tana fifita da mayafi.

Ya sa sandarsa yana taɓa turamen ɗaya bayan ɗaya.

"Shida, bakwai, takwas. Amarya, matan gidan nan bakwai ne. Makarantar da na kai ki ba a koyar da ƙirga?"

"Takwas ne."

"Ko ni za ki ɗaura wa zani ranar bikin?"

"Da ya taimake ka. Ya rufa wa ƙafafun nan naka asiri, masu kama da karan dawa."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta sauka cikinsa ba. Ya san mai turmi na takwas. Zuwaira ce, uwar Muhsina, wadda Khamisu ya saka cikin fushi shekara ashirin da suka wuce. Tana Sabon Shagamu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma tun ranar da ta fita ƙafarta ba ta sake taka gidan nan ba, domin shi da bakinsa ya hana. Ta aiko cewa ba za ta zo bikin 'yarta ba sai bakin da ya hana shi ya kira. Mako uku ke nan saƙon yana kwance a ƙirjinsa, yana tsallake shi kamar kwata a lungu.

Muhsina ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna.

"Ni ba atamfa ce ta zaunar da ni ba. Takardata na zo karɓa."

"Wace takarda?"

"Ta saki. Shekara ashirin da uku kana ce mini matarka, ko ɗankunnen roba ban gani ba. Ga Munir yana jira, kuma ba a aure a kan aure."

"Munir? Wannan mai siririn wuyan? Wanda in ya zo gaishe ni sai ya ce mini oga, kamar na ɗauke shi gadi?"

"Shi dai haƙoransa a cike suke."

"Haƙori ake aure?"

"Naka huɗu ne suka rage, su ma gaba suke yi, kowa ya kama unguwarsa."

"Ke kin san ni kuwa? Ranar da na fara sa babbar riga a Oko-Oba, shanu sun daina kuka suna kallona. Mata daga Oshodi suke takowa da ƙafa."

"Warin fata ne ya kira su, sun zaci gobara ake a mayanka. Ba ni takardata ni dai, jare."

"To na sake ki. Tashi ki ba ni wuri."

"A'a, maigida, ba ta saku ba. Ba ka jin abin da ake faɗi a wayar da ke kan cinyarka? Sakin baka a baranda ya kusa zama tarihi. A rubuce ake so, gaban shaidu biyu, a kai ofis a buga hatimi."

"Shawara ce, surutu kawai suke, ba wanda ya sa hannu. Kuma can Kano ne. Nan Legas ce."

"Sannan sai ka faɗi dalili."

"Wannan mai sauƙi ne. Na ɗaya muni. Na biyu tsiwa. Na uku tuwonki, wanda in aka jefi ɓarawo da shi sai an kai shi asibiti."

"Jiya malmala uku ka ci."

"Don kada a zubar, a ce gidan Baballe ana almubazzaranci."

"Sai idda. A ɗakina zan yi ta, kai za ka ciyar da ni. Kifi kullum, kuma ban da busasshen panla."

"Ke da saura kwana tara, ina kika ga wata uku?"

"Sai Munir ya jira. Sannan kyautar saki, wadda ake ba mace don a share mata hawaye. Malamai sun ce tana nan a littafi, maza ne suka yi mata rufa-rufa."

"Faɗi abin da kike so. Ni ba matsiyaci ba ne."

"Jirgin ƙasan da ke wucewa ta bayan gidan nan."

"Na ba ki. Je ki tsaya a kan layi ki karɓa."

Ta tuntsire da dariya har mayafinta ya zame. Ya tsaya yana kallonta. Haka uwarta take dariya, kai a sunkuye, kafaɗa tana rawa. Ya kawar da ido zuwa titi, inda 'yan okada ke rigima a kan fasinja ɗaya.

Muhsina ta miƙo hannu ta ƙara muryar wayar. Wata lauya ce take magana daga Kano, a natse, kamar mai karanta wasiƙa. Ta ce abin da suke nema a rubuta cikin doka ba baƙo ba ne, yana cikin littattafan da malamai suka karanta a zaure tun kaka da kakanni: in aure ya mutu, riƙon 'ya mace yana hannun uwarta har ranar da za a kai ta ɗakin miji. Wani dattijo ya katse ta da zafi, yana cewa su dai sun tashi sun tarar ɗa na gidan ubansa ne, kuma doka ba za ta shiga tsakar gidan mutane ba.

Alhaji Baballe ya kashe wayar.

"Batir," ya ce.

"Ɗazu na cire ta daga caji."

"To kunnena ne ya gaji." Ya murza kan sandarsa. "Ai uwarki ta yi wani auren. Malamai sun ce in uwa ta yi aure, riƙon ya faɗi."

"Ya faɗi a hannun uwarta, kakata ta Shagamu. Bayan ita akwai innata. Na tambaya, tsoho. Kai layinka yana can baya, kamar wanda ya zo gidan mai da azahar."

"Kin kai ni ƙara ke nan wajen malamai?"

"Mace ba ta da ikon sanin haƙƙinta kafin ta bar gidan tsohon miji?"

Ya kai ido ga ƙofar gida. Abin da ya zo masa shi ne wata safiyar damina, a wannan ƙofar da yake kallo. Zuwaira da akwati ɗaya, yarinya 'yar shekara uku tana barci a bayanta. Shi ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa hannu biyu. Ba ta yi gardama ba, ba ta ɗago ta dube shi ba, suruka ba ta kallon fuskar suruki. Da kanta ta kwance goyon. Yarinyar ta zo hannunsa da ɗumin bayan uwarta, kuma har yau in hadari ya haɗo yakan ji ɗumin nan a tafinsa. Da 'yan'uwanta suka zo washegari da ɗaga murya, a nan ya yi rantsuwar da ta rufe ƙofar. Ita ce kaɗai a cikin surukansa da ta iya dama masa kunun tsamiya irin na mahaifiyarsa. Bai sake neman kunun a wurin kowa ba.

"Ba mugunta ba ce," ya ce a hankali. "Kakana da ƙafa ya zo garin nan, da kakin soja. Mu a nan ba mu da gona, ba mu da ganuwa. Gida kawai muke da shi. In kowace mace ta fita da nata, wa zai rage? Haka ubana ya yi, haka kowa ya yi a unguwar nan. Ba wanda ya buɗe mini littafi."

"Na sani. Ni ban zo shari'a ba." Muryarta ta sauka, tsiwar ta fita daga cikinta. "Kai ka kai ni makaranta a kafaɗa. Kai ka koyi kitso da hannun jeme fata, aka yi mako ana yi mini dariya. Ban manta ba. Dubawa kawai na yi. Cikin haƙƙin nan nata, shekara ashirin sun tafi, ba mai dawo da su. Saura kwana tara. Ranar da aka kai ni Kaduna, shi ke nan, ya ƙare, ko da an sa hannu a dokar washegari. Ina so ita ta sa ni a lalle. Ina so ta yi mini faɗa ko sau ɗaya ne a cikin ɗaki, ba a waya ba."

Jirgin yamma ya wuce ta bayan gida, baranda ta ɗauki rawa har ƙarar ta yi nisa.

"Kwana taran nan," in ji shi, "ni ma su suka rage mini."

Ta dube shi.

"Kai da ka ce mummuna ce ni?"

"Mummunar ma in ta tafi, gida faɗi yake yi."

"Ga Gwaggo Raihana nan, za ta riƙa kawo maka abinci."

"Raihana ba ta iya zagi ba. Sai 'sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya,' kamar an kwantar da ni a asibiti."

Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi. Shi kuma ya tuna saƙon Zuwaira. Ya yi azumin kaffarar rantsuwar nan tun shekarar da Khamisu ya rasu, kwana uku, bai gaya wa kowa ba. Abin da ya kasa shi ne kiran.

"Miƙo wayarki."

"Me za ka yi da ita?"

"Kira mini matar nan da kika sa wa suna Mai Ɗinki. Wadda kike shiga bayan tankin ruwa ki yi awa guda kuna maganar ɗinki, ki fito ido ja."

"Tsoho! Ashe ka sani?"

"Haƙora ne suka zube, ba kunne ba."

Ta danna, ta sa masa a kunne. Ya karɓe ya riƙe da kansa. Ƙara ɗaya, biyu, uku. Aka ɗauka da fara'a, ana cewa, "'Yar albarka, kin dawo daga kasuwar?"

Ya yi sallama. Sai wata murya ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta durƙusa ko da ba a ganinta, ta ce, "Baba? Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, Zuwaira." Ya yi gyaran murya sau biyu. "Na riƙe miki abu ya daɗe a hannuna, kuma ba nawa ba ne. Ki yafe mini. Gobe ki shigo motar farko, ɗakinki yana nan. Kwana taran da suka rage naki ne. Ki zo ki karɓi 'yarki, ni na sake ta, ta ishe ni."

Abin da ya biyo baya ba magana ba ce. Ya saurara kaɗan, sannan ya miƙa wa Muhsina wayar, ita kuma ta kifa kai a gwiwarsa mai ciwon, bai ce ta ɗaga ba.

"Ke kuma daina jiƙa mini riga," ya ce, yana dariya, gemunsa yana rawa. "Saki ɗaya ne. Ki gaya wa mai siririn wuyan nan ya bi a hankali, akwai kome."