Rasuwar Dogo, Madubin Hangen Taurari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ɗauke da ɗinki, Malamar Kimiyya mai ritaya take sanar da ƴan'uwa da tsofaffin ɗalibanta rasuwar Dogo, madubinta na hangen taurari. Ajali ya riske shi a tsakar gida, da rana tsaka, a gadon bayan surukinta.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya ci, ba ya gulma. In an juya shi, maganarsa ba ta wuce "ƙiii", sai "ƙas" idan ya tsaya a kan tauraron da ake nema. Shi ya nuna wa Malama cewa taurarin da ke maƙwabtaka da rana ba a tsaye suke ba, kowanne da inda ya dosa. Da ɗan gilashin tsaga haske da ke ƙeyarsa yakan tona cikin tauraro: wannan tauraro ƙarfe ya yi masa yawa, yaro ne; wancan ƙarfensa da ƙyar zai yi allura, dattijo ne tun farkon zamani.

Bai yi jinya ba. Malama na goge masa ido, sai ga ƴarta Auta ta faɗo gidan a guje, leɓe a fashe, mijinta na biye da wayar wuta a hannu. Ya finciko gashinta, ya tsula mata a gaban uwarta.

Malama ta ce, "Sakar min ƴa."

Ya ce, "Matata ce, Mama, ki koma gefe."

Ba ta san lokacin da ta tumɓuko Dogo daga mazauninsa ba. Bugun farko ya sauka a kafaɗar surukin, marigayin ya ce "ƙum". A na biyu idonsa ya tarwatse, gilashi ya keta tafin Malama, jini har gwiwar hannu. Na uku ya lanƙwasa Dogo kamar lauje. Surukin ya fice da rarrafe, ya bar haƙori da takalmi wari guda.

Malama ta rungumi gawar ta yi kuka, amma ta ce ko yau aka maimaita, haka za ta yi.

Marigayin ya bar murfinsa, da wani jan tauraro da suka daɗe suna bin sawunsa, yanzu zai ci gaba da tafiya ba mai tambayarsa, da kuma Auta, wadda ta dawo ɗakinta na ƙuruciya.

Za a binne gilasan gobe da hantsi a gindin lemon tsakar gida, gangar jikin kuma a rataye ta a falo. Ana karɓar gaisuwa daga kowa. Dangin surukin da ke shirin zuwa ba da haƙuri don a mayar musu da Auta, ana sanar da su cewa ƙafafun marigayin uku, na ƙarfe, suna jingine a bayan ƙofa, lafiyarsu ƙalau.