Rasuwar Hajiya Sannu-Sannu a Hawan Mambila

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da Allah Ya hukunta, ni Malam Sha'aban, tsohon malamin firamare a nan Daura, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, Hajiya Sannu-Sannu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kwana ta huɗu ta hawan dutsen Mambila. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya, ban da waɗanda ta yi a ƙasar waje kafin ta shigo ta iyakar Kongolam.

Marigayiyar bas ce mai cin mutum goma sha takwas. Ta yi ƙuruciyarta tana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Daura da Mai'adua, ta ɗauki mutum, ta ɗauki akuya, ba ta taɓa nuna bambanci ba. An shaide ta da haƙuri, don ko mai keke ya wuce ta ba ta tayar da hankalinta. Kullum da safe sai ta yi tari sau uku, kuf, kuf, kuf, kafin ta yarda ta tashi.

Bara na saye ta, saboda maiɗakina Ikilima. 'Yar Gembu ce, aure ya kawo ta Daura, rabonta da duwatsun garinsu shekara ashirin da shida. Likita ya ce idonta tafiya yake yi, kuma ba zai dawo ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, ta ga dutsen nan sau ɗaya kafin ganin ya ƙare. Ga ta da ciwon baya, ba ta iya dogon zama a motar haya. Sai na kai marigayiyar wajen Jibril mai walda, ya cire kujeru, ya kafa gado daidai taga, ya yi wurin risho da maɗaurin randa, domin Ikilima ba ta shan ruwan jarka. Mutanen unguwa suka yi ta dariya, wai Malam ya sa wa ɗakinsa taya.

Ciwon ajalin marigayiyar daga ƙofar gida ya faro. Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana, don haka na loda gero buhu biyu, da dabino, da kanwa. Da labarin tafiya ya bazu, kowa ya tuna yana da ɗan uwa a can. Sallahu ya yi ta shigowa har da turmi, ni kuwa ban iya cewa a'a ba. Haka ta ɗauka ba ƙorafi, ta ratsa Kano da Gombe da Jalingo, har gindin dutse.

Ni haifaffen Daura ne, tudun da na sani bai wuce jigawa ba. A kwana ta farko ta soma nishi. A ta uku muryarta ta dishe. A ta huɗu ta tsaya, tururi na fita ta gabanta, jikinta zafi jau. Tausayi ya kama ni, na yi mata abin da ake yi wa wanda ya sha rana: na cika kwano da ruwan randa mai sanyi na kwara wa injin. Ta ce ƙas. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Hamma makanike ya hau babur ya zo daga ƙasa. Ya duba, ya ce kan injin ya tsage, ya tambayi wanda ya ba ta ruwa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Kwana tara muka yi a gefen hanya muna jiran kayan gyara. Direbobi sun yi ta cewa in kawo Ikilima su kwantar mata da kujerar gaba su haurar da ita. Na ƙi, wai na yi alkawari a kan gadonta za ta ga garinsu. Wannan taurin kan nawa ne, marigayiyar ba ta da laifi a ciki. Ruwan sama ya sauko ba ƙaƙƙautawa, gilashin taga ba ya rufuwa, sai na rataya koren tampol ta waje. Safiyar kwana na tara Ikilima ta kira ni, ta ce in daina wahalar da kaina, ta gani, ga dutsen nan kore shar yadda ta bar shi. Ta miƙa hannu tana nuna mini tampol. Na ce mata haka ne. Ta ce to mu koma gida.

Marigayiyar ta bar ni da Ikilima, da taya huɗu da safaya, da randar da aka yi aikin da ita, da sallahun jama'a da nake mayarwa gida gida. Ta kuma bar hon, wanda har yanzu in an danna yakan ce piii a hankali, ni kuma in kasa tsayawa a wurin.

Gawar ta iso jiya a bayan babbar mota. Ba za a miƙa ta ga 'yan gwangwan ba, kada su wahalar da kansu. Za a ɗora ta a kan bulo huɗu, gindin dogon yaro na ƙofar gidana, ranar Asabar bayan la'asar. Zaman makoki kwana uku ne, maza a tabarma kusa da ita, mata a cikin gida. Gadon yana nan a ciki, tampol ɗin ma ba za a cire ba, domin Ikilima ta ce kullum da hantsi a kama hannunta a kai ta ta kwanta wajen taga. Ina roƙon duk wanda ya zo ta'aziyya, don girman Allah, in ta nuna masa dutsen ya ce ya gani.